Kwana Casa'in a Jere

A idon gwamnati, Kerrin Zanker matashiya ce. Shekararta arba'in da ɗaya, furfura ta fara leƙowa ta gefen kunnenta, gwiwarta ta hagu tana kuka duk sanda ta hau bene, amma takarda ta ce matashiya, kuma a birnin Adelaide mutum ba ya ja da takarda. Hukumar da ke raba tallafin bincike ta kafa ƙa'idarta tun tuni: daga ranar da aka rubuta maka wasiƙar cin digirin digirgir, kana da shekaru bakwai na ƙuruciya. Ranar da bakwai ɗin suka cika ka tsufa, ko da gemu bai fito maka ba. Daga nan sai ka je ka shiga layin farfesoshi masu ɗalibai ashirin-ashirin, ka yi kokawa da su in ka ga za ka iya.

Tallafin matasa shi ne ƙofar da ake turmutsutsu a bakinta. Wanda ya samu, an ba shi shekara biyar da albashi, da ɗakin gwaji mai sunansa a jikin ƙofa. Wanda bai samu ba ya ci gaba da zaman kwantiragin shekara-shekara a ƙarƙashin wani, har ranar da kuɗin wanin suka ƙare. Ita Kerrin an ma riga an gaya mata ranar, ƙarshen Disambar baɗi. Sau uku tana nema ana watsa mata ƙasa a ido. Sau ɗaya ko karantawa ba a yi ba, wai gefen takardarta ya gaza faɗin da aka ce da kaurin farce. Neman watan Maris mai zuwa shi ne nata na ƙarshe. In ya wuce ta, ita da bincike sai dai a labari, ta bi sahun abokan karatunta da yanzu wasu ke koyarwa a sakandare, wasu ke yawo da jaka suna tallar kayan gwaji.

'Yar manoma ce daga yankin Yorke, tafiyar awa biyu da rabi daga birni, inda mahaifinta Des ya yi shekara hamsin yana noman sha'ir da kiwon tumaki. Tana 'yar shekara goma wata tunkiya ta kama zagaye wuri ɗaya, safe da yamma, har ta haƙa da'ira da kofatonta. Des ya yanka ta, ya fasa kan a bayan rumbu, su biyu suka tsugunna suna leƙe. Ba su ga komai ba, ƙwaƙwalwa fes da ita. Kerrin ta ce to ina ciwon yake? Ya goge wuƙa a wando ya ce ta je makaranta ta tambayo. Ta kuwa ɗauki maganar da gaske, abin da bai taɓa zato ba. Sai da ta yi shekara tara tana wanke wa wasu kwalabe a ɗakunan gwaji kafin wani ya lura ta fi masu kwalaben sanin abin da ke ciki, shi ya sa digirinta ya zo a makare.

Aikinta da kifi ne. Wasu 'yan kifaye ne da ba su kai ɗan yatsa ba, suna jarirai jikinsu garau yake, ana hango ƙwaƙwalwarsu ta cikin fata. Takan koya musu cewa jan haske na nufin abinci, sannan ta daina, ta zauna gaban madubin gwaji tana kallon jijiyoyin da ke sakin juna yayin da kifin yake mantawa. Shekara bakwai ke nan tana wannan kallo, kuma ta fara ganin abin da ba wanda ya riga ta gani. Tana son aikin nan so na gaske, irin wanda ba ta taɓa yi wa wani namiji ba.

Sai dai ta gaji cutar gidansu. Zuri'ar Zanker ba su iya cewa a'a ba, kuma ba su iya kai kuka ba. In maƙwabci ya ce a kama masa sai su ajiye cokali su tafi, in ƙafarsu ta karye su ce targaɗe ne. A ƙauye wannan hali shi ke sa coci ya cika ranar jana'izarka. A Cibiyar binciken ƙwaƙwalwa inda take aiki kuwa, shi ya sa Kerrin ce ke wankin tankunan kifi ranar Kirsimeti shekara shida a jere.

Ran nan cikin Nuwamba Glenys Dimasi ta kira ta ofis. Glenys ce mai tace takardun neman tallafi na Cibiyar kafin su tafi hedkwatar Hukumar a Canberra, mace mai tabarau rataye a wuya da rula a hannu, wadda ta haddace littafin ƙa'idoji mai shafi ɗari da arba'in har da ƙananan rubutun ƙasan shafi. Ita ta koya wa Kerrin cika baki, darasin da ya fi digirin wuya: duk inda ta rubuta "na taimaka" sai Glenys ta soke ta sa "na jagoranta", duk inda ta ce "mai yiwuwa" ta mayar da shi "karo na farko a duniya". A kan teburinta akwai kwanon alawa da kwalin tishu. In ta turo maka kwanon, labari mai daɗi ne. Ran nan kwalin ta turo.

"Zauna, ƙawata. Wasiƙar digirinki ashirin ga Janairu ce, ko?"

"Haka ne."

"Ana rufe nema sha huɗu ga Maris. Kin ga kin tsufa da kwana hamsin da uku."

"Ai na sani. Amma akwai hutun jinyar Baba na bara, kwana casa'in da tara na yi. Ƙa'ida ta ce ana cire wa mutum."

"Ana cirewa, in ya kai casa'in a jere." Glenys ta juyo mata fuskar kwamfuta. "Ke naki hamsin da biyu ne, da arba'in da shida. A tsakani akwai wata Alhamis da kika zo aiki aka biya ki."

Kerrin ta tuna Alhamis ɗin sarai. A bara ne mantuwa ta kama Des sosai, har aka tsince shi a bakin hanya da rigar barci yana neman tumakin da ya sayar shekara uku da suka wuce. Ta ɗauki hutu ta koma gona. Tana tsakiyar hutun shugaban ɗakin gwajinsu ya bugo waya. Farfesa Alistair Prowse ke nan, wanda kowa ke kira Al har mai shara, wai don mu nan ba ma son girman kai. Da gajeren wando yake zuwa aiki, yana kuka a duk walimar ban kwana, kuma sunansa na kan kowace takarda da ta fita daga ɗakin, ko ya karanta ko bai karanta ba. Ya ce manyan baƙi daga Hukumar za su zo shayin hantsi su ga yadda ake tallafa wa mata matasa a kimiyya, ga shi matan ɗakin biyu ne, ɗayar kuma tana naƙuda. Ko za ta ɗan leƙo, awa ɗaya tak? Ta bar Des wurin ƙanwarsa, ta yi sammako ta gasa kek, don ba a zuwa shayin hantsi hannu rabbana, ta tuƙo awa biyu da rabi, ta sa farar riga ta tsaya kusa da tanki aka ɗauki hoto. Al ya ji kunyar wahalar da ya ba ta, ya sauka da ƙafarsa har ofishin albashi, ya buga tebur sai an biya ta yinin. Alherin nan nasa shi ya datse hutun gida biyu.

"Awa ɗaya fa, Glenys. Ko kifin ban ba abinci ba."

"Kwamfuta ba ta san awa ba, ƙawata, yini ta sani. Biyun nan kuwa, kowanne shi kaɗai sifili ne."

Ta hau sama wurin Al. Ya saurare ta yana dafe da kai, idonsa ya ciko, ya ce wannan zalunci ne tsagwaronsa, zai tayar da maganar a taron ƙasa. Ta ce ba taro take so ba, layi biyu take so ya rubuta, cewa kuskure aka yi, ba ta zo aiki ran nan ba. Al ya dubi teburinsa. Can ya zaro rahoton shekara na Hukumar daga ƙarƙashin kofin shayinsa, ya juyo mata bangon. Ga ta nan a farar riga tana murmushi har kunne, ga kwanan wata ɓaro-ɓaro a ƙasa.

"Kez, kin san babu abin da ba zan yi miki ba," in ji shi. "Amma wannan kam, kowane ofis a Canberra akwai shi a kan tebur." Ya sake duban bangon. "Kin yi kyau a ciki kuwa."

Glenys ce ta samo hanya, bayan kwana biyu tana juya littafinta. Ba inda aka ce dole hutun ya zama tsoho. In Kerrin ta sake ɗaukar wani, casa'in cif a jere, ta gama kafin ranar rufewa, za a cire mata ta koma matashiya. Jikin Des kuwa ya ƙara lalacewa, likita zai sa hannu ba sai an roƙe shi ba. In ta fara biyu ga Disamba za ta cika ɗaya ga Maris, ya rage mata kusan mako biyu.

"Amma ki ji ni da kyau," in ji Glenys, rula a sama. "Ba saƙo da adireshin aiki, ba taɓa ƙofa da katinki, ba amsa wayar kowa daga nan. Takardar neman ki rubuta abinki, amma a taki kwamfutar, kuma ni ban sani ba. Ko Al ne ya mutu kada ki zo jana'iza."

"In kifina suka mutu fa?"

"Ki yi musu addu'a daga can."

Haka ta tattara ta koma Yorke ana tsakiyar girbi. Gonar tana hannun ɗan haya, motocin girbi suna ta kai da kawo, Des na zaune a baranda yana zaginsu wai sun bar hatsi a ƙasa. Zai iya gaya maka ruwan da aka yi a shekarar 1983 wata-wata, amma bai san ya ci abincin rana ba, sai ya ci sau uku, ko ya rantse an hana shi. Wani lokaci ya kira ta da sunanta, wani lokaci da na mahaifiyarta da ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Ƙato ne, ko a tsufansa ya kusa ninka ta nauyi, ga ƙafafunsa sun fara yi masa gardama. Sau biyu cikin Janairu, tsakiyar bazarar can, ya zame a banɗaki, zafi ya haura ma'auni arba'in, ta yi ta ja har bayanta ya riƙe. A na biyun sai da ta fita hanya ta tsayar da direban motar hatsi ya zo ya kama mata. Ta manna kalanda a jikin firji tana soke kwana ɗaya-ɗaya bayan karin kumallo. In ya yi barcin rana sai ta buɗe kwamfuta a teburin kicin ta rubuta wa gwamnati yadda za ta gano asirin mantuwa.

Wata rana ya farka ya same ta a kai, idonsa tar, kamar ba shi ba.

"Me kike ta ƙwanƙwasawa, 'yar nan?"

"Roƙon gwamnati nake, Baba. Su ba ni wuri in gano abin da ke sa mutum mantuwa."

"Kuma kifi kike tambaya?"

"Kifi."

Ya yi dariya har da tari. "Ki ce musu ga babanki nan in suna neman kan da za a fasa. Kyauta ne." Ta yi dariya ita ma, daga baya ta shiga ɗakin wanki ta rufe ƙofa ta yi kukanta. Da ta fito ya tambaye ta ko ita ce sabuwar malamar makarantar gari.

Gwaggo Merle, ƙanwar Des, tana zuwa Talata da Juma'a da tukunyar miya da bakinta. Shekararta saba'in da takwas, ta binne miji biyu, ba ta tsoron uban kowa. Ita ta sa sunan Des a layin gidan kula da tsofaffi na garin tun shekara biyu da suka wuce, kuma duk Lahadi bayan coci takan tare shugabar gidan ta tambaye ta wa ya mutu. Zuwanta na farko ta tsaya gaban firji ta gyara tabarau.

"Wannan me ake ƙirgawa, ciki gare ki?"

"Aiki ne, Gwaggo."

"Aikin da ake yi da zama a gida. Mu a zamaninmu zaman banza muke ce masa."

Ranar kwana na saba'in da ɗaya, Litinin ce, wayar gida ta yi ƙara. Shugabar gidan tsofaffin ce. Wata tsohuwa ta cika jiya, gado ya samu, ɗaki ne mai taga da ke kallon rumbunan hatsi na gari. Akwai na'urar ɗaga mutum, akwai ma'aikata dare da rana, ɗakin da ke kusa kuma na wani ne da suka buga ƙwallo da Des suna samari. Ana son amsa kafin tsakar ranar Laraba.

"Ba za a iya riƙe masa na kwana goma sha tara ba?"

"Kerrin, mutum ashirin da shida ne a bayansa. Wanda ya ce a jira, ƙarshen layi yake komawa. Me zai faru nan da kwana sha tara?"

"Ba komai. Zan kira ki."

Ta ɗauki a-kori-kura ta hau tudun da wayar hannu ke samun sabis, ta kira Glenys a lambarta ta gida, tunda ta ofis haramun ce.

"Ranar da ya kwana a gidan nan, ranar kin daina zama mai jinyarsa," in ji Glenys. "Saba'in da uku ke nan. Sifili."

"In ban faɗa ba fa?"

"Takardar shigarsa gwamnati take zuwa, ƙawata. Gwamnatin nan ba ta iya gyara titi ba, amma ta iya haɗa takarda biyu."

Gaba kura, baya sayaki. Kerrin ta daɗe a motar tana kallon gonakin da aka aske, tsoro da haushi suna cin ta. Ta san gaskiya: gadon nan shi ne abin da Des yake buƙata, ita ba ta iya ɗaga shi, kuma farkon Maris dole ta koma Adelaide. Amma mai ilimi in zai yaudari kansa, da hujja yake yi. Ta ce ai kwana sha tara ne kawai. Ta ce sanyi na tafe, a gidan tsofaffi kuwa sanyi ba ya wucewa bai buɗe gado uku ko huɗu ba. Ta ce in ta samu tallafin, masu ciwo irin nasa dubbai ne za su amfana. Kafin ta sauko daga tudun nan ta riga ta yi wa rabin tsofaffin garinsu lissafin mutuwa, mutanen da suka ba ta alawa tana ƙarama. Laraba da safe ta kira ta ce a ba na baya.

Labari ba ya kwana a garin nan. Ranar Juma'a Gwaggo Merle ta shigo babu tukunya.

"An ce kin mayar da gado."

"Baba ba ya son barin gida, Gwaggo. Na tambaye shi."

"Kin tambaye shi. Mutumin da ran Talata ya tambaye ni ko babarmu ta dawo daga kasuwa." Ta juya ta dubi firji, ta daɗe tana duba. "Saura nawa?"

Kerrin ta ɗauki tsumma ta hau goge tebur.

"Na ce saura nawa, Dakta."

"Goma sha biyar."

"Shekara biyu ina tare matar nan a ƙofar coci kamar maroƙiya, ke kuma kin zubar a kan kwana goma sha biyar. Kifi dai ko? Allah ya sa su gane ki in kin tsufa."

Des ya ɗaga murya daga baranda yana tambaya ko an ɗora ruwan shayi, don yana jin an yi baƙi. Merle ta fita ta zauna kusa da shi ta riƙe masa hannu. Daga ran nan ba ta ƙara yi wa Kerrin magana ba sai wadda ta zama dole.

Kwana casa'in suka cika wata Asabar, rana ta fito ta faɗi kamar kullum. Litinin ta koma Cibiyar, Glenys ta turo mata kwanon alawa, Al ya rungume ta ya ce har ya ga ƙuruciyar a fuskarta. Ta miƙa takarda saura kwana biyu a rufe, an auna gefenta da rula sau uku. Des kuwa aka bar shi da Merle, da wata ma'aikaciya mai zuwa awa biyu da safe, da Kerrin Asabar da Lahadi. Sanyi ya zo ya buɗe gado huɗu daidai yadda ta lissafa, aka ba mutum huɗu daga cikin ashirin da shidan.

Cikin Mayu, Merle tana shanya a bayan gida, Des ya fita duba tumaki ya faɗi a matakalar baranda, ƙugu ya karye. Aka kawo shi babban asibiti a Adelaide aka yi aiki. Ƙashi ya haɗu, amma mutumin bai dawo ba. Bai ƙara takawa ba, magana ta ragu zuwa kalma biyu uku, daga baya ta ɗauke. Aka kwantar da shi a ɗakin tsofaffi shida masu jiran gado a wani wuri, tagarsu tana kallon wurin ajiye motoci. Kullum Kerrin na zuwa bayan aiki ta ba shi abinci a baki da ƙaramin cokali. Ba wanda ya ce mata laifinta ne, ko Merle. Da sun faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

Sakamako ya fito cikin Oktoba, wata Talata da la'asar, tana zaune a bakin gadon. Cikin kowane ɗari, tara aka ba, kuma ba ta cikinsu. Alƙalai uku ne suka duba takardarta. Na farko ya ce tunanin sabo ne ƙwarai, amma ba ta nuna za ta iya tsayawa da ƙafarta ba, tunda sunan Farfesa Prowse na kan duk abin da ta wallafa. Na biyu ya ce ta riga ta ƙware, bai ga abin da tallafin raino zai ƙara mata ba. Na uku layi ɗaya ya yi: an lura aikinta ya ja baya a 'yan watannin da suka gabaci nema. Ta karanta sau biyu. Ta kife wayar a kan bargo, ta ɗauki cokali ta ci gaba, abincin ya zuba masa a haɓa.

Wayar ta yi ƙara a kife. Glenys ce.

"Na gani, ƙawata. Kada ki yi kuka tukuna. Sabon littafi ya fito yau da safe, sun ƙara ƙuruciya zuwa shekara takwas."

Kerrin ta ajiye cokalin.

"Sai dai sun ja ranar rufewa zuwa tsakiyar Yuni. Na buga lissafin sau uku, ko an cire miki casa'in ɗin farko kin haura da kwana hamsin da shida. Wani casa'in ɗin kawai kike buƙata. Na yi magana da Al, zai ja kwantiraginki har Yuni, kuka ma yake yi."

"Yana asibiti, Glenys. Ba ni ke jinyarsa ba."

"Ai nan ne daɗin sabon littafin. In likita ya sa hannu cewa ciwon ajali ne, ana lissafa miki ko'ina yake kwance. Illa dai hutun yana tsayawa ranar da..." Glenys ta yi gyaran murya. "Kin gane. Dole a kai casa'in ɗin. Na turo miki fom. Yaya jikin nasa dai?"

Kerrin ta ce za ta kira ta. Ta ji kamar ta zage ta, ta zagi Hukumar da littafinta da wanda ya buga shi. Ta so ta ji ƙyamar maganar, ta kuwa ji. Amma kafin ƙyamar ta gama isowa, kanta ya riga ya gama aikinsa: in ta fara Litinin, casa'in za su cika sha bakwai ga Janairu. Ta dubi Des. Ƙaton nan ya koma ƙashi da fata, bakinsa a buɗe, idonsa a kan labule. Ta ga tana kallon hawa da saukar ƙirjinsa, tana tuna cokali nawa ya haɗiya yau, nawa ya haɗiya makon jiya, irin kallon da take yi wa abin da ke cikin tanki. Ta tsani kanta, tsana ta gaske. Ta goge masa haɓa da tawul, ta gyara masa filo, ta fita.

A bakin ɗakin ta tarar da babbar nas, Mele Taufa, wata 'yar tsibirin Tonga mai faɗin kafaɗa da ke rera wa tsofaffin waƙa in tana juya su.

"Sista, ina da tambaya. A ganinki zai ga sabuwar shekara? Tsakiyar Janairu, misali."

Mele ta ajiye zannuwan da ke hannunta, ta kama hannayen Kerrin biyu ta haɗa cikin nata.

"Ayya, 'yar'uwa. Wannan sai Allah. Amma yana da ƙarfin zuciya, kuma waɗanda ake zuwa wurinsu kullum sun fi daɗewa, na sha gani. Dubi sauran biyar ɗin nan, wa ke leƙo su? Ba kowane tsoho ne Allah ke ba 'ya irinki ba."

Kerrin ta gyaɗa kai. Ta bari matar ta gama matsa mata hannu, sannan ta tambaye ta ƙarfe nawa likita yake zagaye da safe, don akwai takardar da take so ya sa wa hannu.